Masu na'urar auna iska a gida, me kuka gani?

Umman Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana na fama da asma, shi ya sa nake son sayen 'yar na'urar nan mai auna ƙura da hayaƙi. Waɗanda suka taɓa aiki da ita, don Allah ku ba mu labari.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ni da ɗalibaina muka haɗa tamu da hannu, bisa tsarin Sensor.Community, wani shirin 'yan sa-kai masu auna iska da aka faro a Stuttgart ta Jamus a 2015. 'Yar fanka ce a ciki ke zuƙo iska, hasken lesa ya faɗa kan ƙurar, sai ta ƙiyasta yawan PM2.5, wato ƙwayoyin da ƙanƙantarsu ta sa suke kutsawa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik. Ajinmu kuwa da an fara shara sai lambar ta yi sama, ba ta sauka sai an buɗe tagogi. Yanzu sai an yayyafa ruwa ake sa tsintsiya.

Injiniya: Amma kada lambar ta firgita ki, 'yar'uwa. Tawa takan haura da asuba idan an yi raɓa, alhali iska garau. Laima ce ke kumbura ƙwayoyin. Ko hukumar kare muhalli ta Amurka sai da ta yi wa alƙaluman ire-iren waɗannan na'urori gyara kafin ta ɗora su a taswirarta. Hawa da saukar lambar za ki bi, da lokacin da take hawa.

Maman Biyu: Mu gida huɗu muka sa, muna tura sakamakon intanet, yana fitowa a kan taswira. Duka huɗun sukan tashi tare da magariba. Da muka bi sawu, ashe bola ake ƙonawa a bayan layinmu. Da baki an yi ta musu, da muka nuna jadawalin kowa ya yi shiru.

Umman Yara: To taswirar ba za ta nuna wa duniya gidana ba?

Injiniya: Za ta iya. Wajen rajista ki ɗan gusar da alamar zuwa bakin titi, ko ki zaɓi kada a bayyana ta. Tunda don yaron ne, ki fara da ɗakin kwanansa, nesa da murhu.