Me za mu kira ƙarfen ture ƙanƙara da ake ɗaura wa mota?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baka. Muna so mu rubuta ɗan bayani da Hausa don 'yan'uwanmu da ke zuwa lardin Ontario na ƙasar Kanada suna shiga sana'ar share dusar ƙanƙara da hunturu, to sai muka tsaya cak a kan sunan kayan aikin kansa, wato faffaɗan ƙarfen nan da ake ɗaura wa gaban fikof yana ture ƙanƙara gefe, wanda masu ƙasar ke ce wa snow plough. Mu nan a baki filo ko filau kawai muke cewa, amma kowa ya san in ka rubuta filo Bahaushe matashin kai zai fahimta.

Kuma ba don ƙawa nake neman kalmar ba, maganar dukiyar mutane ce. Mutum zai sayi fikof da inshorar hawa ta yau da kullum, ya samu ƙarfen nan na hannu da araha ya ɗaura, ya fara share ƙofar gidajen mutane da filin ajiye motoci na shaguna ana biyansa, bai gaya wa kamfanin inshora komai ba. Ranar da ya yi ribas da asuba ya daki motar wani ko sandar fitila, kamfanin zai iya cewa mu motar zuwa aiki da cefane muka yi wa inshora, ba motar sana'a ba, kuma ba ka sanar da mu ka canza mata gaba ba, su ƙi biya. Abu uku ne daban-daban a idon masu inshora: motar, ƙarfen da aka ɗaura mata, sai aikin da aka yi da su. Ko ka koma inshorar motar kasuwanci, ita abin da motar ta buge take kallo. In tsohuwa ta zo da rana santsi ya kwashe ta a filin da ka share da asuba ta karye a ƙugu, wannan kuma wata inshorar ce ta biyan diyyar sana'a, kuma sai ka tabbatar an rubuta share ƙanƙara a cikinta ƙarara don wasu kamfanonin cire shi suke yi. To ka ga in ba mu da sunan ƙarfen shi kaɗai, bayanin nan ba zai fita ba.

Amsa daga Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana me ya hana ku ce gireda ko katafila? Ai aikinsu ɗaya, ture abu daga kan hanya, kuma kowa ya san su ba sai an yi dogon bayani ba.

Mai tambaya:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Matsalar ita ce gireda da katafila sunan injin ne gaba ɗayansa, da tayoyinsa da direbansa. In muka rubuta "duk mai katafila ya sanar da kamfanin inshora", yaron da ke da Ford F-250 ko ƙaramar fikof zai ce ai ni ba ni da katafila, ya wuce abinsa, alhali shi muke nufi. Wannan abin cire shi ake yi, da bazara yana ajiye a bayan gida kan katako, hunturu na ƙaratowa a sake maƙala shi. Kuma ana amfani da gireda ta gaske a nan wajen share manyan tituna, don haka sunan yana da mai shi.

Amsa daga Montreal:
Sannunku 'yan'uwa, ni mutumin Maraɗi ne amma ina Kebek, lardin Kanada da ake Faransanci. A Faransancin takarda chasse-neige ake cewa, wato mai korar dusar ƙanƙara, amma mutanen nan a baki sun fi cewa charrue ko gratte. Charrue kuwa duk wanda ya tashi a Nijar ya san garmar shanu ce. Gratte kuma daga kankarewa ne. Ni dai na kawo muku, ku zaɓa.

Amsa daga Zariya:
Ni a ganina ku ƙera ta yadda Hausa ke ƙera sunan kayan aiki, kamar mabuɗi daga buɗe, magirbi daga girbi. Tunda kankare titi yake yi sai ku ce makankari. Ko maturi daga turawa.

Mai tambaya:
Hajiya Malama wallahi makankari ya yi daɗi a kunne, na daɗe ina juya shi. Abin da ya sa na ja baya, akwai wani abu a nan da ya fi cancantar sunan, ɗan ƙaramin roba mai baki da buroshi a ɗaya gefen wanda ke cikin kowace mota, da shi ake kankare gilashi da safe kafin a tashi. Wannan shi ne makankari na haƙiƙa, ina ga mu bar masa. Sannan makankarin ƙanƙara in aka rubuta a waya babu ƙugiyar haruffa sai ya zama kankara kankara, mai karatu ya rikice. Maturi kuma ya yi faɗi da yawa, mai tura baro ma ana iya ce masa haka. Wani ya turo min shebur ta akwatin saƙo, shi ma na hannu ne, muna buƙatarsa a wurinsa.

Ni zuciyata ta fi kwanciya da abin da ɗan'uwanmu na Montreal ya kawo. Garmar ƙanƙara.

Amsa daga Katsina:
Yaya a yi haƙuri, ni manomi ne, garma cikin ƙasa take shiga ta juye ta. Wannan naku ai a saman kwalta yake tafiya. Anya sunan ya dace?

Mai tambaya:
Ƙanina tambayarka a kan hanya take. Gaskiya ba ta shiga ƙasa, bakinta a kan kwalta yake gogawa, har ma akwai sifirin a bayanta yadda in ta ci karo da murfin kwalbati ko bakin dakali sai ta lanƙwasa ta tsallake maimakon ta karya motar. Amma ka dubi jikinta, a lanƙwashe yake, direba na karkata ta dama ko hagu daga cikin mota, ƙanƙarar na hawa jikin ƙarfen tana naɗewa tana zubewa gefe guda, in ta wuce sai ka ga ta bar dogon tudu a layi, sak kunyar gona. Duk wanda ya yi hunturu a Toronto ya san kunyar nan, ka gama share ƙofar gidanka da shebur ka shiga ciki, motar hukuma ta zo wucewa ta tayar maka da wata a bakin mashiga, mai nauyi haɗe da gishiri da ƙanƙara mai tauri, in ka bar ta ta kwana sai ta daskare.

Kuma kalmar kunya za ta yi mana aiki a bayanin doka. Dokar hanya ta Ontario, sashe na 181, ta hana kowa zuba dusar ƙanƙara ko ƙanƙara a kan titi sai da izini a rubuce daga hukumar da ke kula da hanyar. Sabbin shiga da yawa nan suke faɗawa, su turo ta daga ƙofar gidan mai gida su ƙetare titi da ita su tara a ɗaya gefen, su bar kunyoyi biyu a tsakiyar hanya, da dare su daskare wata mota ta zo ta hau. In muka rubuta "kada garmarka ta bar kunya a titi", babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani.

Wani amfanin, garma abu ce da ake ɗaura wa abin da zai ja ta, ana kuma kwance ta, ba a haɗa sunanta da na mai janta. Daidai abin da nake nema ke nan. Sai mu samu garmar ƙanƙara ita ce ƙarfen, motar garma ita ce fikof ɗin da aka ɗaura wa, aikin kuma share ƙanƙara.

Amsa daga Zariya:
Na yarda da garma. Amma ƙanƙara fa daban, dusar ƙanƙara daban. Ku kula.

Mai tambaya:
Haka ne Hajiya. A farkon takarda za mu rubuta garmar dusar ƙanƙara cikakke, daga nan mu riƙa taƙaitawa. Abin da ba za mu yi ba shi ne garmar dusa, don dusa ita kaɗai abincin dabbobi ce.

Bari in gwada ta a jimla ku ji ko ta zauna. Kafin ka sayi garma, buɗe ƙofar direba ka duba sitikar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a nan aka rubuta iyakar nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka, babbar garma da ƙarafan ɗaurinta na iya haura kilo 300 kuma duk a gaba nauyin yake, shi ya sa ake ɗora buhunan yashi ko gishiri a can bayan motar don ta daidaita. In ka wuce iyakar, birki da sitiyari ne za su fara ba ka matsala, garantin motar ma zai iya tafiya. Garma in an ɗaga ta tana tare fitilun gaba, dole a sa mata nata fitilun a sama har da sigina. Tana kuma tare iskar da ke shiga lagireto, mota na iya zafi a kan babbar hanya ana tsakiyar sanyi, don haka ake saukar da ita ƙasa-ƙasa a karkata ta in za a yi tafiya, karkatarwar na rage faɗinta kuma, tunda ƙa'idar faɗin mota a titin Ontario mita 2.6 ce. Shuɗiyar fitila mai walƙiya ta motocin share titi ce, kada ka ɗora don ka gan ta a kansu, masu share filayen shaguna yawanci mai ruwan ɗorawa suke sa wa.

Sai maganar kotu, wadda ita ta fi tayar min da hankali. Mafi ƙarancin inshorar diyya da doka ta wajabta wa mota a Ontario dalar Kanada dubu 200 ce, amma masu manyan filaye sau da yawa sai sun ga takardar dala miliyan 2 ko sama kafin su ba ka kwangila, saboda ƙarar zamewa tana da tsada. Tun 29 ga Janairun 2021 wanda ya ji rauni saboda ƙanƙara a filin wani dole ya ba da sanarwa a rubuce cikin kwana 60, ga mai filin ko ga ɗan kwangilar da ke share wurin. Wannan ya ɗan sauƙaƙa wa masu garma, da can sai a kusa cika shekara biyu takardar lauya ta iso ka manta ma wace rana ce. Duk da haka ka ajiye littafi a mota, ka rubuta lokacin da ka isa kowane fili, lokacin da ka bar shi, ko ka watsa gishiri, ka ɗauki hoto da waya. In sanarwa ta zo ka miƙa wa dillalin inshorarka a ranar, kada ka tsaya kiran mai rauni kuna sasantawa a bayan fage.

Ni dai a kunnena ta zauna.

Amsa daga Montreal:
Ta zauna Malam. Amma ku rubuta a sama cewa dokokin Ontario ne, don mu a Kebek tsarin inshorar mota daban ne, raunin jiki a hatsarin mota hukumar inshorar mota ta gwamnatin lardin, wato SAAQ, ce ke biya, kada wani ya karanta ya ɗauka ko'ina haka yake.

Mai tambaya:
Za mu sa a layin farko in sha Allah. In kana da hali ka rubuto mana na Kebek da garmar a ciki mu haɗa su takarda ɗaya kafin Nuwamba, lokacin ne ake sa hannu a yawancin kwangiloli.