Maigidana ya warke daga korona, amma har yau bai dawo yadda yake ba

Maman Aisha:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ta waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. Maigidana malamin makarantar sakandare ne mai shekara 47. Ya kamu da korona a watan Agusta na 2021, aka kwantar da shi kwana tara a asibiti ana ba shi iskar oksijin, daga baya gwaji ya nuna cutar ta fita aka sallame shi. 'Yan'uwa sun zo barka da arziki, mu ma mun ɗauka magana ta ƙare, sai dai har yau jikinsa bai koma nasa ba. Mutumin da yake zuwa makaranta a ƙafa ya yini gaban allo, yanzu idan ya hau bene hawa ɗaya sai ya zauna ya mayar da numfashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan ya je kasuwa ko ta'aziyya, ba a ranar gajiyar take kama shi ba, sai washegari, ta kwantar da shi kwana biyu ko uku. Yakan kasance cikin bayani a aji kalma ta ɓace masa, kuma ƙamshin soyayyar albasa yanzu wari yake yi masa kamar an ƙona roba.

An yi masa maganin taifot sau huɗu, na zazzaɓin cizon sauro kuwa ban san adadi ba. A dangi wasu sun ce sammu ne, wasu kuma a bayan idonsa suna cewa son jiki ne. Shin korona tana iya barin irin wannan bayan ta tafi? Ana warkewa? Kuma idan mun koma asibiti, me ya kamata mu nema a duba?

Likitan Ƙirji:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Malam lafiya. Ba zan iya yanke hukunci a kan marar lafiyar da ban duba ba, amma abin da kika bayyana sananne ne a wurin likitoci, ba son jiki ba ne. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan lalura da ake kira doguwar korona: alamomin da suke nan bayan kimanin wata uku da fara rashin lafiyar, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a sami wata cuta da za ta bayyana dalilinsu ba. Manyansu su ne gajiya, ƙarancin numfashi, da raunin tunani ko mantuwa, wato guda ukun da kika fara lissafawa. A wani bincike da mujallar Lancet ta buga a farkon 2021, an bibiyi mutum 1,733 da aka sallama daga wani asibiti a birnin Wuhan na ƙasar Sin, aka tarar bayan wata shida mafi yawansu suna da aƙalla alama ɗaya, fiye da rabi suna fama da gajiya ko raunin tsoka, kashi 26 cikin 100 kuma da matsalar barci. Waɗannan mutane ne da ciwo ya kai su ga kwanciya kamar Malam, don haka adadin ya fi na sauran jama'a yawa ƙwarai.

Dalilan ba ɗaya ba ne. Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halittar huhu, wadda kuma ake samu a hanyoyin jini da zuciya da ƙoda da hanji, shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya a ƙirji ba. Wanda huhunsa ya kumbura har ya buƙaci oksijin yana iya samun tabo a huhun, iska ta riƙa shiga jini da ƙyar idan ya motsa. A wasu kuma garkuwar jiki ce ba ta lafa ba bayan yaƙin ya ƙare, ko jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya su rikice, har mutum ya miƙe tsaye kawai bugun ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ɗaya.

Sai dai ina so ki riƙe ƙarshen waccan ma'ana da kyau, inda aka ce ba a sami wata cuta ba, domin a nan ne nake ganin ana yawan kuskure ta fuska biyu: ko a ƙi yarda da doguwar korona gaba ɗaya, ko a jingina mata kowane ciwo. Babu gwaji guda da yake tabbatar da ita, sai an kore sauran cututtuka. A ƙasarmu tarin fuka ne na farko, saboda haka a yi hoton ƙirji, idan akwai tari ko rama ko gumin dare a gwada majina da na'urar GeneXpert, wanda kyauta ake yi a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. A auna yawan jini da sukari da hawan jini, a duba ƙoda, a ɗauki zanen bugun zuciya, sannan a maƙala masa ƙaramar na'urar auna oksijin a yatsa, yana zaune da kuma bayan ya yi tafiyar mintuna kaɗan. Maganar taifot kuwa, idan da gwajin Widal kaɗai aka dogara, wannan gwaji yakan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, musamman a wuraren da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar. Batun warkewa, akasarin masu wannan lalura suna samun sauƙi a hankali, wasu cikin watanni, wasu sai an shekara biyu ko fiye, akwai kuma waɗanda wani abu yake saura musu. Idan ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, kada a jira gari ya waye, domin korona tana ƙara haɗarin daskarewar jini.

Baban Sadiq:

Hajiya, ni tela ne, kuma na kwanta da wannan ciwo a farkon 2021, na yi kusan shekara ɗaya da rabi kafin in iya yini a kan keke. Gajiyar washegari da kika ambata ita ce ta fi wahalar da ni, saboda duk ranar da na ji dama-dama sai in ce bari in rama aikin da ya taru, in wayi gari ko buta ba na iya ɗagawa. Abokai suka ce in riƙa fita gudu da asuba jiki zai saki, na gwada mako ɗaya, abin ya ƙara lalacewa. Likitan da ya duba ni daga baya ya ce ga mai irin wannan alama tilasta wa jiki motsi yana iya mayar da hannun agogo baya, kuma dabarar ita ce in tsaya tun kafin in gaji. Na samo littafi ina rubuta abin da na yi kowace rana da yadda na kwana, har na gane iyakata: awa biyu a shago, hutu, sannan awa ɗaya bayan la'asar. Na yi watanni ina salla a zaune a ranakun da jiri yake ɗibata.

Game da ƙamshi, an koya mini in riƙa shinshina abubuwa huɗu safe da yamma, kowanne na ɗan lokaci, ina tuna yadda ƙamshinsa yake a da. Na yi amfani da kanumfari da ɓawon lemun tsami da man zafi da turaren wardi, kuma sai da na haura wata uku kafin shayi ya daina yi mini wari. Ki roƙi Malam ya yi magana da shugaban makarantarsu a rage masa darussa na zango ɗaya, ya fi ya daure ya faɗi a aji.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina goyon bayan Likita, amma akwai tambayar da ban ga an yi ba: waɗanne magunguna Malam yake sha yanzu? Na yi tambayar ne saboda darasin cutar SARS ta 2003, 'yar'uwar korona, wadda ta kama mutum kimanin 8,000 ta kashe 774. An bibiyi waɗanda suka tsira a Hong Kong, bayan shekara uku da wani abu kusan kashi 40 cikin 100 suna kukan gajiya mai ɗorewa, wanda ya nuna abin da muke gani yanzu ba sabo ba ne. Wasunsu kuma ƙashin ƙugunsu ya lalace, kuma an danganta hakan da yawan magungunan sitiroyid, masu rage kumburi, da aka ba su lokacin jinya. Maganin dezametason yana cikin wannan rukuni. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna yana ceton ran mai korona da ke kan oksijin, amma na kwanaki ne da ba su wuce goma ba, ƙarƙashin kulawar likita. Mu kuwa a nan ana sayar da shi a kemis ba tare da takarda ba, shi ne ma wanda ake haɗawa a abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Wanda ya daɗe yana shan sa sukarinsa da jininsa suna hawa, tsokar cinya ta yi rauni har hawa bene ya gagara, garkuwar jiki ta faɗi, tarin fuka da ke kwance ya sami hanyar tashi.

Maman Aisha:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. 'Yar'uwa, tambayarki ta sa na tashi na duba kwandon magungunansa, kuma ga dezametason a ciki. Ya ce tun bayan sallama ya lura yana jin ƙarfi idan ya sha, sai ya ci gaba da saye, kuma kusan wata biyar ke nan yana shan sa kullum. Shin in ɗauke shi daga yau?

Likitan Ƙirji:

A'a, Hajiya, kada ki ɗauke, kuma kada ya daina farat ɗaya. Idan aka daɗe ana shan wannan magani, jiki yakan rage samar da nasa sinadarin da yake kama da shi, don haka tsayarwa lokaci guda tana iya sa jini ya faɗi ƙasa, ga amai da suma, har a rasa rai. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Ku tafi asibiti gobe da safe da kwalin maganin da takardar sallamarsa ta 2021, ku gaya wa likita adadin ƙwayar da yake sha a rana da tsawon lokacin, kuma ya je bai karya ba domin a auna sukarinsa.