Sitiroberi mai rufin cakulan a zafin Birnin Kebbi: yaya za a yi ya kai la'asar?

Maman Ilham, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'ar kek da kayan zaƙi. Ana son sitiroberi mai rufin cakulan guda 60 don walimar sauka a ƙarshen Fabrairu, kuma bayan la'asar za a raba. Daga Jos za a aiko da sitiroberin a mota. A gwajin da aka yi abu uku ne suka ɓaci: cakulan ya dunƙule a kwano tun ba a gama tsomawa ba, waɗanda aka samu aka tsoma sun riƙa tsatsar jan ruwa ta ƙasa, sannan da aka fito da su daga firji suka yi gumi, washegari farin dabbare-dabbare ya fito a jikinsu. Wane irin cakulan za a saya, kuma nawa? A yi aikin daren jajibiri ko da safe? Ga shi wuta ba ta da tabbas a unguwarmu.

Hajiya Mai Kek, Gusau

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Duka ukun nan da kika lissafa ruwa ne ya jawo su, wurin da ya shiga ne kawai ya bambanta.

Mu fara da kwano. Cakulan maiƙo ne da busasshen garin koko da sukari a cikinsa, babu ruwa ko kaɗan. Da zarar ɗigo biyu ko uku sun faɗa ciki, sukarin zai jiƙe ya kama junansa, sai ki ga abin da yake zuba sumul ya koma kamar tuwon da ya yi gudaji. Ruwan nan yakan fito daga jikin sitiroberin da bai bushe ba, ko daga tururin tukunya, ko daga muciyar katako, don katako yana riƙe danshi ko da ido na ganinsa a bushe. Ki yi amfani da cokalin ƙarfe ko na roba. Ki zuba ruwa kamar tsayin gaɓar yatsa biyu a tukunya, ya yi zafi amma kada ya tafasa, ki rage wuta ko ki kashe ta gaba ɗaya, ki ɗora kwanon silba ko na gilas wanda ya rufe bakin tukunyar ruf, gindinsa bai taɓa ruwan ba. Ki yayyanka cakulan ƙanana kafin ki zuba. Kada ki rufe kwanon, murfi yana tara raɓa ta ɗiga ciki. Duk sanda kika sauke kwanon ki share gindinsa da tawul.

Wanda ya riga ya dunƙule ba ya komawa na tsomawa. Kada a zubar: a riƙa zuba masa madara mai zafi cokali-cokali ana juyawa har ya saki, ya zama na zubawa a kan kek.

Sai sitiroberin kansa. Kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, fatarsa kuma ba ta da kauri, ga doguwar tafiya daga Filato. Yana isowa ki juye shi a faifai ki tsince. Wanda ya dagule, ko ya yi laushi a gefe ɗaya, ko fumfuna ta fara kama shi, ki ware. Guda ɗaya mai fumfuna yana iya ɓata na kusa da shi cikin dare ɗaya. Ki gaya wa mai aikowa ya zaɓo ja har wuya amma mai tauri, domin ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Kada a wanke shi sai ranar aiki. A ranar, ki haɗa kofi 1 na ruwan khal da kofi 3 na ruwa, ki tsoma su minti biyu, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki shanya a kan tawul mai tsabta ba tare da sun hau kan juna ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya da tishu, musamman ƙarƙashin koren ganyen nan na kai, nan ruwa yake ɓuya. Daga nan ki bar su awa guda a gaban fanka.

Ganyen kuwa kada a cire. Shi ne abin riƙewa, kuma cire shi yana buɗe rami inda ruwan ciki zai fita. Haka tsinken sakace da wasu suke sokawa: kyau a hoto, amma duk huda ƙofa ce, sukarin cakulan kuma yana janyo ruwan ɗan itace zuwa waje. Jan ruwan da kika gani a ƙasa daga nan yake. Idan dole sai an soka, a soka ta tsakiyar ganyen, sau ɗaya, kada a zare.

Kada ki tsoma su da sanyin firji a jikinsu. Sanyi yana sa raɓa ta kwanta tsakanin fata da cakulan, sai rufin ya zame ko ya tsage. Su sha iskar ɗaki tukuna.

Lissafi: matsakaicin sitiroberi yana kai giram 20, don haka guda 60 kilo 1.2 ke nan. Ki sa a aiko da kilo 2 saboda waɗanda hanya za ta lalata. Kowane ɗaya yana ɗaukar cakulan giram 8 zuwa 10, amma ki tanadi giram 700, don dole a samu zurfin tsomawa har na ƙarshe. Kofi mai zurfi ya fi faffaɗan kwano. Ki riƙe ganyen, ki tsoma kashi uku cikin huɗu, ki ɗago ki bar ragowar ta ɗiga, ki goge gindin a bakin kofin, ki ajiye a kan takardar gasa kek. Idan za a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko riɗi ko busasshiyar kwakwa, a take ake yi kafin ya fara kamawa.

Daren jajibiri kuma a'a. Da safen ranar.

Malam Mai Koyar da Girki, Argungu

Hajiya ta gama magana a kan ruwa. Ni zan taɓo zafi, don a ƙasarmu shi ne yake yanke hukuncin irin cakulan da za a saya.

Iri biyu ne a shagon kayan kek. Akwai na asali wanda maiƙonsa man koko ne, akwai kuma wanda masu shago suke kira compound, wanda aka cire man kokon aka sa man alayyadi da aka tace aka daskarar. A bayan leda ake ganewa, a jerin kayan haɗi. Na asali ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma man koko yana narkewa a wajen digiri 34, yana fara laushi tun kafin nan. Ƙarshen Fabrairu a Birnin Kebbi hunturu ya ja baya, rana tana haura digiri 35 da azahar, a Maris da Afrilu kuwa har ta wuce 40. Ke nan na asali zai narke a faranti tun kafin a gama addu'a, sai dai idan ɗaki mai na'urar sanyaya za a raba shi. Shawarata ga wannan walima, Malama, ki sayi compound. Narkarwa kawai yake buƙata, zuwa digiri 40 ko 45, a tsoma, ya kama da kansa, kuma ya fi jure riƙo a hannu. Aibinsa ɗan maiƙon da yake bari a ganɗa. Baƙi ya fi ɓoye wannan aibin fiye da fari, kuma ɗacinsa ya fi dacewa da tsamin sitiroberi.

Ga mai son na asali, a watan Disamba ko Janairu da asuba, ko a ɗaki mai sanyi, ga yadda ake saita shi. Man koko yana iya daskarewa ta siga daban-daban, ɗaya ce kawai take ba da ƙyalli da ƙaras idan an ciza. In an narkar da shi aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, zai fito dushi-dushi, da laushi, da farin zane. Don a samu sigar kirki, a raba cakulan kashi uku. A narkar da kashi biyu har digiri 45 zuwa 50 idan baƙi ne, ko 40 zuwa 45 idan mai madara ne ko fari. A sauke, a zuba kashi na ukun da aka yanka ƙanana, a yi ta juyawa a hankali har zafin ya sauka zuwa 31 ko 32 ga baƙi, 29 ko 30 ga mai madara, 28 ko 29 ga fari. Gutsattsarin da ba a narkar ba su ne iri, su suke koya wa sauran yadda za su daskare. In akwai ragowar da ba ta narke ba a tsame ta. Gwaji: a shafa kaɗan a bakin wuƙa, in ya kama cikin minti biyar da ƙyalli, ya yi. Idan ya yi kauri ana tsakiyar aiki, a mayar kan tukunya daƙiƙa biyar kacal. Ya haura 33 an rushe aikin, sai a sake daga farko. Ma'aunin zafi na girki ya zama dole a nan. Masu gwadawa a leɓe suna dacewa wani lokaci, amma tazarar digiri biyu ba abin da leɓe zai riƙa faɗa daidai kullum ba ne.

Abu biyu da nake gani ana yawan ba da shawararsu, ina ja da su. Na farko man kwakwa. Gaskiya ne cokalin shayi 1 a giram 200 yana sa cakulan ya yi ruwa-ruwa, ya yi daɗin tsomawa, amma man kwakwa yana narkewa tun a digiri 24, don haka rufin zai ƙara saurin saki a hannun yara. In ya yi kauri ƙwarai a sa rabin hakan, in bai yi ba a bar shi. Bota da madara kuwa sam, akwai ruwa a cikinsu. Na biyu, Milo ko Bournvita da aka dama ba sa daskarewa, ba don haka aka yi su ba. Haɗin garin koko da man kwakwa da garin sukari yana daskarewa a firji, amma na ci a bakin firji ne, ba na kai wa taro ba.

Idan za a yi wa farin cakulan launi, a nemi kala ta gari ko mai mai. Kalar ruwa ta kek tana dunƙule shi nan take.

Anti Mai Dubulan, Talata Mafara

Sannunku da ƙoƙari. Saura maganar firji da ɗauka, don nan ake asarar aikin da aka yi da kyau.

Farin da ya fito miki washegari, ƙanwata, ki shafa da yatsa ki ji. In yana da kaushi kamar gari, sukari ne: raɓa ta sauka a kan rufin, ta narkar da sukarin saman, ta bushe ta bar shi. In yana da santsi kuma yana ɓacewa da ɗumin yatsa, maiƙo ne da ya narke ya taso ya sake daskarewa, abin da ɗaukewar wuta da dawowarta suke jawowa ke nan. Duka biyun ba sa cutarwa, ido ne kawai ba ya so.

A ƙasar sanyi ana cewa kada a sa a firji. Mu nan ba mu da wannan zaɓin. Abin da za ki kiyaye shi ne yadda za su shiga da yadda za su fito. Bayan tsomawa, minti 10 zuwa 15 a firji a buɗe, su kama. Sai ki jera su jeri ɗaya a roba mai murfi, tishu a ƙasa, kowanne a cikin takardar ƙaramin kek, ki shimfiɗa wani tishun a sama, ki rufe. Lokacin fitarwa kada ki buɗe murfin sai bayan minti 15 zuwa 20. Raɓar za ta sauka a bayan robar maimakon a kan cakulan. Kin ma yi sa'a, iskar Fabrairu busasshiya ce. Da damina ne da gumin ya fi haka yawa.

Firiza kuwa kada ki kusance ta. Ƙanƙara tana fasa naman sitiroberi, yana narkewa ya zama jiƙaƙƙen abu a cikin ɓawo.

Tunda wuta ba tabbas, ki dogara da kula. Ki daskarar da ruwa a gorunan roba tun kwana biyu kafin, ko ki saya wajen masu ƙanƙara, ki naɗe su da tawul ki kwantar a ƙasan kula, ki ɗora robobin a kai. Ƙanƙarar leda tana yoyo, kada ki sa. A mota kular ta zauna a kujera, ba a but ba. A wajen taro a riƙa fitowa da faranti ɗaya, in ya ƙare a fito da wani. Minti 20 a waje ya isa.

Wata shawara da ba ki nema ba: ki rage sitiroberin zuwa 30, ki cike da dabino. Ki tsaga shi, ki cire ƙwallon, ki duba ciki saboda tsutsa, ki cusa soyayyar gyaɗa ko yazawa, ki tsoma. Dabino ba ya tsatsa, ana iya yinsa kwana uku kafin walima, kuma dattawa sun fi sanin sa. Inabi marar ƙwallo ma yana yi in an bar ɗan guntun sandarsa. Kankana da abarba dai a manta, yankakken gefensu jiƙe yake, cakulan ba ya kama shi.

Maman Ilham, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta rage: motar za ta iso ranar Alhamis da dare, walima kuma Asabar. Sitiroberin zai jira?

Hajiya Mai Kek, Gusau

Zai jira idan bai ga ruwa ba. Daren Alhamis ɗin ki tsince, ki jera su jeri ɗaya a kan tishu a roba, ki ɗan sassauta murfin don iska ta shiga, ki sa a firji ko a kula, nesa da bangon da yake ƙanƙara. Juma'a ki sake dubawa, ki cire duk wanda ya yi laushi, ki canza tishun in ya jiƙe. Asabar bayan sallar asuba ki wanke, ƙarfe 8 sun bushe, ki gama tsomawa kafin ƙarfe 10 tun kicin bai ɗau zafi ba. Waɗanda suka rage bayan walima a cinye su a daren, zuwa Lahadi da rana za su fara tsatsa ko da a firji suke.