Motar gona da shiga daji: Hilux, Sienna ko RAV4?

Baban_Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota a taimaka min da shawara. A Samarun Zariya nake zaune, aikina cikin gari ne amma kusan duk Asabar ina gona wajen Maigana ta hanyar Soba, in rani ya yi kuma mukan je kamun kifi bakin Galma da abokai, wani lokacin in kwashi yara mu je hawan dutsen Kufena. Corolla 2005 nake hawa, mota ce mai haƙuri ba ta shan mai amma ta yi ƙasa da yawa. Cikin watan Agusta ta kafe min a wani kwari bayan na sauka daga kwalta, ga buhun taki biyar a but da kujerar baya, sai da samarin ƙauyen suka zo da fatanya da itace muka yi ta fama har magariba, na dawo gida salansa tana jan ƙasa. Raina ya fi kwantawa da Hilux amma kuɗinta ya fi ƙarfina sai dai tsohuwa sosai. Wacce za ku ce in nema?

Usta_SabonGari:
Wa'alaikumus salam Baban Amira. Ni bakanike ne, kuma abin da zan faɗa maka shi ne ka fara duba tsayin mota daga ƙasa kafin komai, sannan kayan gyaranta. Sienna daɗin zama gare ta kuma in ka kwantar da kujerun baya tana ɗaukar kaya kamar me, amma doguwa ce cikinta na ƙasa, wannan kwarin da ya riƙe Corolla ita ma zai riƙe ta, ga injin V6 da tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda yake ji a aljihu. Ni RAV4 zan ce maka, samfurin 2009 zuwa 2012 mai injin 2.5, don na 2006 zuwa 2008 mai 2.4 da yawansu suna ƙona baƙin mai, kullum kana ƙari. Sannan ba kowace RAV4 ba ce take ja da taya huɗu fa, kar ka yarda da bakin dillali, ka sa a hau da ita rami ka leƙa da idonka, in ba ka ga farfela, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyi, ta tafi zuwa tayoyin baya ba to gaba kawai take ja. Kayanta kuwa akwai su nan Sabon Gari, abin da aka rasa a samo a Panteka Kaduna rana ɗaya.

Alhaji_Shika:
Usta ya yi gaskiya amma ni akori-kura nake goyon baya in dai da gaske noma ake. Shekara da shekaru na yi da 504 fikof irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, yanzu Hilux mai injin fetur 2.7 nake amfani da ita, masara buhu goma ka ɗora ka tafi abinka, taki da maganin feshi suna waje ba sa cika wa iyali hanci da wari. Sai dai in gaya maka gaskiya ɗana, Hilux tana jan ido, akwai hanyoyin da ni kaina ba na shiga da ita ta wajen Giwa saboda halin da ake ciki, a mashin nake zuwa.

Maman_Sadiq:
Baban Amira ka tuna da yaran ma. Hilux in ba kaya a bayanta tsalle take yi a hanyar burji, mun taɓa zuwa Turunku a ta yayana, kafin mu isa ƙaramar ɗiyata ta yi amai sau biyu. Kuma kwana biyar cikin bakwai a gari za ka yi, cunkoson Kwangila da PZ da kai yara makaranta. Mu RAV4 muke da ita, safayar taya tana rataye a ƙofar baya saboda haka but ɗin fili ne, kula da tabarma da jarkar ruwa duk suna shiga.

Baban_Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji ranka ya daɗe maganar jan idon nan ta shige ni, ban taɓa kawo ta a raina ba. Ina ganin RAV4 ɗin zan nema, lokacin girbi kuma in ɗauki hayar akori-kura ta kwaso amfanin, ai sau biyu ne ko uku a shekara. Usta akwai wata 2010 da aka nuna min a Tudun Wada, in kana da sarari ranar Alhamis bayan la'asar mu je tare ka leƙa min ƙarƙashinta.

Usta_SabonGari:
Ba damuwa, Allah ya kai mu. Amma gara mu je da safe kafin su tayar da ita, ina so in ji ƙarar injin yana sanyi, in ga kuma irin hayaƙin da za ta fitar.