Launin aro ya mayar da fuskar jarumata toka: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai Burushi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina haɗa ƙananan hotunan furofayil irin waɗanda masoyan taurari ke yi, masu fiksel 100 tsawo da 100 faɗi, na wata jaruma da nake matuƙar so. Baƙa ce, fatarta na sheƙi. Na sauke wani fayil ɗin PSD (fayil ɗin manhajar gyaran hoto ta Photoshop) na launi da aka raba kyauta, na ja leyoyinsa, wato shimfiɗun gyaran launi da ke jere a cikinsa, na ɗora a kan hotona a Photoshop. Rigarta ta yi kyau, shuɗin sama ya fito, amma fuskarta sai ka ce an shafa mata toka. Na gwada wani fayil ɗin, wannan karon ta koma ruwan lemo. Abin ya yi mini ciwo, don wadda ke cikin hoton ba ita ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga wannan ya ba mu labarin yadda ya fita.

Tsohuwar Hannu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni tun zamanin dandalin intanet na LiveJournal nake wannan aiki, lokacin da dole hoto ya tsaya a 100 da 100 kuma kada ya wuce kilobayit 40. Na ɓata fuskoki da yawa kafin na gane bakin zaren. Yawancin launukan da ake rabawa a kan farar fata aka gwada su. Ki buɗe fayil ɗin ki riƙa kashe leyoyin ɗaya bayan ɗaya, za ki kama ɓarawon. Sau da yawa leyar sikirin ce, wadda ake maimaita hoto a ɗora a kansa don ya yi haske, ko wata leya mai shuɗi mai duhu da ke dusashe baƙi. A farar fuska ba ka lura sosai, a baƙar fuska kuwa ɗumin fata suke kwashewa.

Abin da ya cece ni shi ne duba lambobi. Ki ɗauki launi daga kumatunta a hoton asali. Za ki ga lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255 yake, kuma a fatar mutum ja ne kan gaba, kore ya biyo, shuɗi a ƙarshe. Misali ki ga ja 110, kore 70, shuɗi 50. Bayan kin ɗora launin ki sake dubawa. In lambobin uku sun matso kusa da juna, to toka ke nan. In ja ya haye sama shuɗi ya faɗi ƙasa warwas, ruwan lemo ke nan. Ido yakan gaji ya yaudare ki bayan awa biyu a gaban allo, shi ya sa har yau nake ajiye hoton asali a gefe.

Ɗan Tsakiya: Nawa na 'yan ƙwallo ne. Wata rana na ƙara wa ciyawar fili kore, na kuma ƙara wa riga ja, ban sani ba ashe fata ma a cikin ja da rawaya take zaune. Ɗan wasan ya fito kamar an gasa shi. Yanzu maski, wato abin rufe wani sashe na leya, nake sa wa kowace leya: in shafa baƙi da burushi mai laushi a kan fuska da hannuwa, launin ya kama ko'ina ban da nan. Baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa, shi ke nan.

Mai Burushi: Yaya, ni da na gwada maskin sai fuskar ta yi kamar an yanko ta an liƙa.

Ɗan Tsakiya: Kin cika baƙin ne. Rage ƙarfin burushin zuwa kashi 40 ko 50, ki bar launin ya ɗan taɓa ta kaɗan.

'Yar Waya: Ni a manhajar waya ta ibisPaint X nake yi, ba ni da kwamfuta. Na taɓa kwana ina haɗa hotuna goma sha biyu, ina ta murna. Da safe na duba, dukkansu sun yi shuɗi-shuɗi, fuskokin kamar masu jin sanyi. Ashe hasken dare na wayata a kunne yake, allon ya yi rawaya, ni kuma ina ta ƙara shuɗi don in daidaita. Na kusa kuka wallahi. Tun daga ranar kafin in taɓa launi sai na kashe shi, in na gama kuma in tura wa ƙawata ta duba a tata wayar.

Mai GIMP: Mu da ke amfani da GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, ba duk leyoyin gyaran launi na Photoshop ke aiki a wajenmu ba, dole na koyi haɗa nawa daga tushe da layin lanƙwasa haske (Curves). Da farko na ɗauka rashi ne, ashe alheri ne gare ni. Mai son leƙa cikin PSD ba tare da Photoshop ba ya buɗe shi a Photopea, a burauza yake aiki. Abu biyu kuma da suka taɓa ɓata mini aiki: kaifafa hoto kafin in rage girmansa, da adanawa a JPEG sau da yawa har gefen fuska ya yi dabbare-dabbare. Yanzu sai na rage sannan in kaifafa kaɗan, in adana a PNG.

Tsohuwar Hannu: Ga kuma ado. Fiksel 10,000 kacal gare ki. Na taɓa zuba taurari da furanni da walƙiyar haske, walƙiyar ta faɗa a goshin mutum ta wanke shi fes. Yanzu ado a bayan kai nake sa shi, ko a gefe. Rubutu ma kada ki kai shi kusurwa, don WhatsApp da Instagram a da'ira suke nuna hoton, su datse shi.

Mai Burushi: Anti, na bi maganarki. Leya ta huɗu ce ɓarauniyar, sikirin ce a kashi 100. Na mayar da ita 30, na sa maski mai laushi a fuska, na duba lambobin kumatu sun dawo kusa da na asali. Sheƙin nan na goshinta ya dawo, na daɗe ina kallonsa. Saura hotuna takwas da na riga na wallafa da tokar, daren nan zan sauke su in sake su ɗaya bayan ɗaya.