Haƙoran robar Hajiyarmu sun ƙi zama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ta rasa haƙoranta huɗu na gaba ta ƙasa, aka yi mata na roba a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari. Tun ranar suke gurzar mata dasashi har ya yi miki. In za ta ci tuwo sai ta zare su ta jefa a kofi, nama kuwa ta haƙura. Mun koma an goge gefensu, jiya iyau.

An ba mu shawarar dashe, wanda ake kafa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, amma tana da ciwon suga, kuma suga na jinkirta warkewar ciwo. Akwai mai suga da aka yi wa dashen? Ko mu je asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a sake auna bakin a yi sababbi?