Kawu zai dawo waƙa, amma yara sun ce sai ya bi kiɗansu

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema. Kawuna makaɗin kukuma ne, ya yi tashe zamanin kaset. Bayan rasuwar Shata a 1999 ya rataye kukumar, ya ce zamaninsu ya wuce, ya koma sayar da hatsi. To bana wasu samari masu sitidiyo a nan Katsina suka matsa sai sun yi masa albam, da mai fiyano da mawaƙan zamani da za su shigo wasu baitoci. Da ƙyar ya yarda, har ya sa wa kukumar sabuwar tsagiya.

Ranar gwaji suka ɗora masa abin kunne, wani abu na ƙas-ƙas-ƙas a ciki, wai shi zai bi. Tsoho ya ja baiti ke nan, yaron ya tsayar, wai ya fita daga kiɗa. Kawu ya cire abin ya ajiye, ya ce shi tun da yake kiɗa ke bin sa. Ni dai muryar na nan, ta ma ƙara kauri. Mu ci gaba ko mu haƙura?

Malam na Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kawunka ya fi su gaskiya. Saurari Shata, wanda ke kwance nan garinmu: in ya ja magana mai kalangu ya jira shi, in ya sauka 'yan amshi su karɓa. Kwamfuta ba ta jira. A ɗauki muryarsa da kukumar tare a zama ɗaya, daga baya mai fiyano ya nemi inda zai raɓa.

Uwar Biyu:
Ni kuɗin nake ji. Tashar YouTube ɗin wa za a sa? A rubuta a takarda da shaidu kafin ya sake buɗe baki. Kuma kar su matse masa murya da na'ura ya koma kamar ta kowa.

Bakatsine a Legas:
An yi irin wannan ya yi kyau. Ali Farka Toure na Mali ya yi albam da Ry Cooder, Ba'amurke, a 1994, har ya ci Grammy. Amma baƙon ne ya bi mai gida. In yaranku ba za su iya haka ba, ku canza sitidiyo.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, matsalar ita ce cikin 'yan amshin Kawu ɗaya ya rage, yana Jibiya, ƙafa ta hana shi fita. Gobe zan je in ji ko zai iya zuwa in an ɗauko shi a mota.